Yadda ake ɗaura wa firintar gida tankin tawada don rage kashe kuɗi

Tambayar da masu firinta a gida suka fi yi mini ita ce wannan: katirij, wato ɗan akwatin tawadar da ke cikin firinta, yana ƙarewa kafin ka ce kwabo, kuɗin sabo kuma ya kusa kamo kuɗin firintar kanta, to yaya ake ɗaura mata tankin nan na waje da ake kira CISS? Ana ɗaurawa a gida, da hannu, ba lallai sai an kai wa mai gyara ba, kuma sauƙin da ake samu na gaske ne. Sai dai aikin yana da tsari. Wanda ya tsallake mataki ɗaya yana iya wayar gari ya tarar da tawada kwance a ƙarƙashin firinta, ko ya ƙona hed, wato kan da ke fesa tawada a takarda.

Abin da za ka ɗaura ba wani inji ba ne. Tankuna huɗu ne a jere, baƙi da shuɗi da ja da rawaya, sai siraran tiyo manne da juna da suke kai tawada zuwa katirij. Babu abin da ke tura tawadar. Duk ɗigon da hed ya fesa yana barin gurbi a cikin katirij, wannan gurbin ne yake zuƙo wata daga tanki. Saboda haka abu biyu ne suke riƙe da tsarin: kada iska ta shiga hanyar, kuma kada tanki ya fi firinta tsayi ko ya yi ƙasa da ita. Kusan duk kukan da za ka ji ana yi da tankin waje daga ɗayan biyun nan yake.

1. Yi lissafi kafin ka sayi komai

Ɗauki kwalin katirij ɗinka ka duba yawan tawadar da ke ciki da yawan shafin da aka ce yana bugawa. Baƙin katirij na Canon PG-545, alal misali, mililita 8 ne, shafi kusan 180. HP 305 baƙi shafi kusan 120 aka rubuta masa. Tawadar tankin waje kuwa galibi a kwalba mai mililita 100 ake sayar da ita, wato kwalba ɗaya ta fi ƙarfin katirij 12 irin na PG-545, kuma kuɗinta ba ya kusantar na katirij 12. Daga nan sauƙin yake fitowa.

Yanzu haɗa kuɗin tankin da na tawadar farko, ka ga katirij nawa za su saya. A ce sun kai kuɗin katirij huɗu, kowanne shafi 180. Sai ka buga shafi 720 kafin kuɗinka ya dawo, bayan nan ne riba take farawa. Mai buga shafi 200 a wata zai fanshe cikin wata huɗu. Mai buga shafi goma a wata zai shekara shida bai fanshe ba, kuma kafin lokacin tawadar ta bushe masa a hed sau da yawa. Wannan mutumin tankin waje ba nasa ba ne. Idan rubutu baƙi kawai yake bugawa jefi-jefi, firintar leza ce ta dace da shi, domin garin tona ba ya bushewa.

Ka sa abu biyu a lissafin da ake yawan mantawa. Na farko, yawan shafin da ke jikin kwali an auna shi ne da takardun gwaji masu matsakaicin rubutu, mai buga hotuna ba zai samu ko kusa da shi ba. Na biyu, idan katirij ɗinka irin mai hed a jikinsa ne, wata rana zai mutu ka sayi wani, ko da tawada na cike a tanki.

Wanda bai riga ya sayi firinta ba, shawarata gare shi a fili take: ya sayi wadda kamfani ya ƙera da tankinta, irin su Epson EcoTank, Canon PIXMA jerin G, HP Smart Tank ko na Brother masu tanki. Sun fi tsada a ranar saye, amma babu huda katirij, babu rigima da cip, wato ɗan guntun lantarkin da ke jikin katirij wanda firinta take gane shi da shi, garanti kuma yana nan. Kwalbar Epson 103 baƙa mai mililita 65 an rubuta mata shafi kusan 4,500. Wannan jagorar ta wanda yake da firinta mai katirij ce a hannu, lafiyarta lau, ba ya son jefar da ita.

Gargaɗi: idan firintarka tana cikin garanti, ka sani cewa kamfani yana iya ƙin gyara duk ɓarnar da tawadar waje ko tankin waje ya jawo. Idan saura 'yan watanni garantin ya ƙare, ka jira.

2. Gane irin firintarka

Buɗe murfi ka ciro katirij ɗaya ka juya ƙasansa. Idan ka ga faranti mai sheƙi mai ƙananan ramuka a ƙasa, da ɗigo-ɗigon tagulla a baya, to hed a jikin katirij yake. Haka yawancin ƙananan Canon da HP masu katirij biyu suke, ɗaya baƙi ɗaya mai kala uku. Irin waɗannan katirij ɗinka na asali za ka huda ka sa masa tiyo.

Idan kuwa rami ɗaya ka gani a ƙasa, kuma kowace kala da nata katirij, to hed yana cikin firinta. Haka Epson da Brother suke, da manyan Canon da HP. A nan tankin yana zuwa da nasa katirij haɗe da tiyo da cip, naka sai ka ajiye su. Ɗaurawar ta fi sauƙi, amma kuskure ya fi tsada, domin canza hed na cikin firinta wani lokaci ya kai kuɗin sabuwa.

Rubuta cikakken sunan firintar da lambar katirij. Lambar katirij ta fi muhimmanci, saboda firinta iri ɗaya tana iya amfani da lamba daban gwargwadon yankin duniyar da aka yi ta dominsa, cip ɗin wani yanki kuma ba ya aiki a wani.

Gargaɗi: firintocin HP da aka kunna wa tsarin HP+ tawadar HP kaɗai suke karɓa. Katirij na biyan kuɗin wata-wata na Instant Ink shi ma yana daina aiki da zarar an daina biya, kada ka ɓata lokaci ka huda shi.

3. Kayan da za ka tanada

Tankin da aka yi wa lambar katirij ɗinka, da matatun iska huɗu, da robobin baki da 'yan gwiwoyin tiyo, da ɗan abin huda, da maƙalan da ke riƙe tiyo. Waɗannan galibi a kwali ɗaya suke zuwa, ka ƙirga su kafin ka biya. Sai sirinji huɗu, kowace kala da nata, da kilif ɗin zuƙo iska idan hed a jikin katirij yake. Ka ƙara da safar hannu, tishu, tsohuwar jarida ta shimfiɗa, almakashi, tsinken sakace, gam mai zafi, da kilif na matse takardu guda ɗaya don danne tiyo.

Tawada ce wurin da ya kamata ka tsaya ka natsu. Iri biyu ce. Akwai wadda aka rubuta wa Dye, ita narkakkiya ce a ruwa, kalarta tana da haske, ta fi arha, ba ta cika toshe hed ba, amma ruwa na taɓa takarda sai ta zuba, rana kuma tana kashe kalarta. Akwai wadda aka rubuta wa Pigment, ita ƙananan ƙwayoyin kala ne suke yawo a ruwa, rubutunta ya fi jure ruwa da daɗewa, amma idan firinta ta yi zaman banza ta fi saurin toshewa. A ƙananan Canon, baƙin katirij mai lamba PG na Pigment ne, mai kala mai lamba CL na Dye ne. Ka sayi irin da firintarka ta saba da shi, kuma wadda aka yi wa kamfanin firintarka. Hed ɗin Canon da HP da zafi yake harba tawada, na Epson da Brother da motsin wani ɗan kiristal, shi ya sa haɗin tawadarsu ya bambanta. Kwalbar da aka rubuta cewa ta dace da kowace firinta, ni ba na yarda da ita. A nan ne ake zuwa neman ƙiba a samo rama, a rage kuɗi kaɗan a tawada a yi asarar hed.

Gargaɗi: kada ka gauraya iri biyun a tanki ɗaya, suna iya dunƙulewa su toshe hanya. Tawadar buga hoto a riga da kofi, mai suna Sublimation, ba ta takardar yau da kullum ba ce, kuma ba ta dace da hed mai aiki da zafi ba.

4. Gwada firinta tun tana yadda take

Shiga saitin kula da firinta ka buga gwajin da ake kira Nozzle Check. Takarda za ta fito da layuka na kowace kala. Idan duk sun fito ba yankewa, ajiye takardar, ita ce ma'auninka na gaba. Idan akwai giɓi, gyara shi tukuna. Tanki ba ya warkar da hed mai ciwo, kuma in ka ɗaura a haka ba za ka san ko daga aikinka matsalar take ko tun da can tana nan ba.

A wannan zaman ka kashe sabunta manhajar cikin firinta ta kai tsaye, a firintar da kuma a kwamfuta. Tun 2016 HP take da tsarin da take kira Dynamic Security, wanda ke hana katirij mai cip ɗin da ba nata ba aiki, Epson ma tana fitar da sabuntawar da ke sa firinta ta daina gane cip na waje. Sabuntawa ɗaya cikin dare tana iya tsayar da tankin da ya yi wata da watanni yana aiki.

5. Cika tanki ka daidaita ɗakin iska

Kowane tanki yana da ɗaki biyu a ciki da toshe biyu a sama. Babban toshe na zuba tawada ne, ƙaramin na iska. Tsarin ɗaki biyun ne yake sa nauyin tawada a kan hed ya tsaya daidai, ko tanki a cike yake ko ya yi rabi.

Danne tiyo da kilif. Rufe ƙananan toshe, buɗe manya, zuba kowace kala a gidanta, ka bar ɗan sarari a sama. Karanta harafin da ke jikin tanki kafin ka zuba: K ko BK baƙi, C shuɗi, M ja, Y rawaya. Maida manyan toshe ka danna su sosai. Yanzu da duk toshe a rufe, kwantar da tankin ta yadda tawadar da ke ƙaramin ɗaki za ta gangara zuwa babba, ka riƙe shi haka na ɗan lokaci, sannan ka miƙar da shi. Duba ta gefe: ɗakin iska ya kamata ya zama kusan wayam, tawada kaɗan ce kawai a gindinsa. Sai a lokacin za ka cire ƙananan toshe ka sa matatun iska a gurbinsu. Ƙananan toshen ka adana su a leda ka manna a jikin tanki, za ka neme su duk ranar ƙarin tawada.

Gargaɗi: kada babban toshe da ƙarami su kasance a buɗe lokaci ɗaya. In suka kasance, tawada za ta cika ɗakin iska, nauyinta ya ƙaru a kan hed, ta fara ɗiga. Wasu tankuna ƙirarsu ta ɗan bambanta, idan takardar da ta zo da naka ta faɗi wani tsari, bi nata.

6. Huda katirij

Wannan matakin na masu hed a jikin katirij ne. Idan tankinka ya zo da nasa katirij, wuce zuwa na 7.

Yi amfani da katirij na asali wanda yake bugawa da kyau kuma bai taɓa bushewa ƙarƙaf ba. Ɗora shi a kan tishu mai ɗan danshi, ɓare takardar da ke samansa. A baƙin, rami ɗaya za ka yi. A mai kala, uku, kuma a nan ne ake tafka kuskuren da ba ya gyaruwa cikin sauƙi, domin jerin ɗakunan kala ya bambanta daga katirij zuwa katirij. Kada ka dogara da hoton da ka gani na wani. Zura tsinken sakace a kowane ramin iska har ya taɓa soson ciki, ka zaro ka duba bakinsa. Wanda ya fito rawaya, sa masa alama nan take, haka ja, haka shuɗi, kowanne da sabon tsinke.

Huda a hankali da hannu, kana juya katirij gefe lokaci zuwa lokaci don ɓarɓashin roba ya zubo waje maimakon ya faɗa ciki. Ramin ya zama daidai robar baki, ta shiga da ɗan ƙarfi. Idan ta faɗa da sauƙi, ramin ya yi faɗi, iska za ta bi ta gefe. Da sirinji, ƙara wa kowane ɗaki tawada sannu a hankali har soso ya jiƙe, da ka ga ta fara tasowa ka tsaya ka ɗan zuƙe kaɗan.

Sai toshe sauran ƙofofi. A ƙarƙashin takardar da ka ɓare za ka ga ƙananan ramuka da siraran kwaroro masu lanƙwasa, ta nan katirij yake shaƙar iska a da. Yanzu dole su rufe ruf, domin in ya samu iska ta nan ba zai wahalar da kansa ya zuƙo tawada daga tanki ba. Bi su da gam mai zafi, siriri, kada ya yi tudun da zai hana murfin keke rufuwa, wato abin da ke ɗauke da katirij yana kai-komo a cikin firinta.

Gargaɗi: kada yatsanka ko gam ko tawada su taɓa ɗigo-ɗigon tagulla. Idan sun jiƙe, goge su su bushe sarai kafin katirij ya koma firinta. Kuma kada ka bar ƙasan katirij a buɗe cikin iska na dogon lokaci.

7. Fitar da iska daga hanya

Wannan ne matakin da ya fi kowanne, kuma shi aka fi yi wa gaggawa. Saki kilif, ka ɗaga tankin sama kaɗan, bakin tiyo yana kan tishu. Za ka ga kaloli huɗu suna tafiya a cikin tiyo, wata tana riga wata. Da kowace ta iso baki, sauke tankin, danne tiyo, ka cusa kowace gwiwa a robar bakin kalarta. Bi tiyo da yatsa tun daga tanki har katirij ka tabbatar rawaya ta tafi gidan rawaya.

Sa katirij a kilif ɗin zuƙo iska, haɗa sirinji, saki tiyo, ka ja a hankali. Da farko kumfa za ta fito, sannan tawada mai haɗe da kumfa, daga baya tawada zalla. A nan za ka tsaya. Mililita kaɗan sun isa, kuma abin da ka zuƙo daga katirij mai kala a gauraye yake, zubar da shi, kada ka maida tanki. Dangwala ƙasan katirij a tishu mai danshi: baƙin ya bar tabo ɗaya cikakke, mai kalar ya bar layi uku a rarrabe. Idan layi biyu ka gani, sake ja.

Ga katirij ɗin da ya zo da tanki, ta ramin ƙasa ake zuƙowa, kala bayan kala, har ya cika iska ta fita. Ko an ce an riga an cika shi daga kamfani, ɗaga shi a haske ka duba.

Ɗan giɓin iska da bai kai faɗin yatsa ba a cikin tiyo ba abin tashin hankali ba ne, katirij zai haɗiye shi. Giɓi mai tsawo, ko wanda yake ƙaruwa kullum, alama ce cewa wani wuri yana shan iska, galibi robar baki ko gam ɗin da bai rufe ba.

8. Shimfiɗa tiyo

Kunna firinta, buɗe murfi, bari keken katirij ya zo wurin canji, sannan ka zare filogi daga bango. Ta haka keken zai saki, ka iya tura shi da hannu. Sa katirij a gurbinsu har ka ji sun kama.

Manna maƙalin tiyo a wajen tsakiyar firinta, amma kada ka danna shi tukuna. Tura keke zuwa ƙarshen dama, sannan ƙarshen hagu, sau da yawa, idonka a kan tiyo. Abin da kake nema shi ne ya isa kowane ƙarshe ba tare da ya ɗaure ba, kuma idan keke ya dawo tsakiya ya lanƙwashe a hankali ba tare da ya faɗa kan hanyar takarda ko ya naɗe ba. Gajere zai fizgi keke firinta ta tsaya tana nuna kuskure. Dogo zai maƙale. Ka rage ko ka ƙara kaɗan-kaɗan har ya zauna, sannan ka goge wurin ka manna maƙalin da kyau. Inda tiyo zai fita, tabbatar murfi bai matse shi ba. Idan murfin ba ya rufuwa sosai firinta tana cewa a buɗe yake, nemo ɗan maɓallin da murfin ke dannawa ka cusa masa naɗaɗɗiyar takarda.

Gargaɗi: a bayan keke akwai wata siririyar leda mai haske a miƙe daga gefe zuwa gefe, mai ƙananan layuka. Da ita firinta take sanin inda keke yake. Kada tiyo ya goge ta, kada tawada ta ɗiga mata, kada ka fizge ta daga maƙalinta.

9. Ajiye tanki, kunna, sasanta da cip

Gindin tanki da gindin firinta su zauna a kan tebur ɗaya. Kada ka ɗora shi kan littafi, kada ka ɗora shi kan firinta don tebur ya yi kyau, ko na minti biyar. Idan ya yi sama, za ka ga ɗigon tawada a takarda, rawaya ta fara yin datti saboda kaloli suna haɗuwa a bakin hed. Idan ya yi ƙasa, tawada za ta ja da baya a tiyo, fararen layuka su bayyana a rubutu. Ka nisanta shi da hasken rana da duk abin da ke fitar da zafi, domin iskar cikin tanki tana kumbura da zafi ta tura tawada. A gidan da ke da yara, manna shi da jikin firinta ko ka sa shi ta bangon da hannu ba ya kaiwa.

Cire kilif daga tiyo, tabbatar matatun iska suna nan, sa filogi. Firinta ba ta ganin tankinka, ƙirga ɗigo kawai take yi, don haka wata rana za ta ce tawada ta ƙare alhali tanki a cike yake. A ƙananan Canon, danna maɓallin Stop ka riƙe na daƙiƙa 5 ko fiye, za ta ci gaba da bugu ta daina lura da yawan tawadar wannan katirij. A tankunan da suka zo da cip mai sabunta kansa, ko dai ka danna ɗan maɓallin da ke jikinsa, ko ka ciro katirij ka maida. Daga ranar, idonka ne ma'aunin tawada.

10. Gwajin farko

Buga Nozzle Check ka kwatanta da takardar da ka ajiye. Idan akwai giɓi, sa firinta ta yi wankin hed sau ɗaya daga saitin kula da firinta ka sake gwadawa. Lura da inda giɓin yake. Idan yana canza wuri daga gwaji zuwa gwaji, iska ce, kuma maganinta haƙuri: bar firinta ta huta kumfa ta taso. Idan yana wuri ɗaya kullum, toshewa ce.

Gargaɗi: kada ka jera wanki fiye da biyu ko uku. Kowane wanki yana shan tawada mai yawa, yana cika soson datti da ke ƙasan firinta (duba mataki na 12), kuma yana iya ƙara kumfa. Littafin wasu firintocin Epson da kansa yana cewa a jira awa 12 bayan wanki uku. A Canon da HP, kada ka ci gaba da bugu idan kala ɗaya ta ɗauke gaba ɗaya, domin tawadar ce take sanyaya hed, babu ita zai ƙone.

11. Ƙarin tawada da kulawar mako-mako

Kada ka bari tawada ta sauka ƙasa da kashi ɗaya cikin huɗu na tanki. Ranar ƙari, tsarin mataki na 5 za ka maimaita: danne tiyo, cire matatu, rufe ƙananan toshe, buɗe babba, zuba, rufe babba, duba ɗakin iska, maida matatu, saki tiyo. Mantawa da sakin tiyo ko barin ƙaramin toshe a rufe shi ne ya fi kawo kukan cewa firinta ta buga shafi kaɗan ta ɗauke. Ka tsaya a kan tawadar kamfani ɗaya. Idan Pigment ce, girgiza kwalbar a hankali kafin zubawa, kuma kada ka tara kwalaben da ba za ka shanye kafin ranar da aka rubuta a jikinsu ba. Matatar iska da tawada ta jiƙa ta daina aiki, wanke ta ta bushe ko ka canza.

Buga shafi ɗaya mai dukkan kaloli aƙalla sau ɗaya a mako, ko ba ka da abin bugawa. Kashe firinta da maɓallinta, ka jira keke ya koma mazauninsa kafin ka zare filogi, saboda a can ne wata roba take rufe bakin hed kada ya bushe. Idan za a ɗauki firinta zuwa wani ɗaki ko wani gida, danne tiyo, rufe duk toshe, a ɗauke ta a miƙe tare da tankin a tsayi ɗaya.

Da tawada ta yi arha, takarda ce take zama babban kuɗin. Buga gaba da baya, kuma duba shafi a allo kafin ka tura.

12. Soson datti

A ƙasan firinta akwai soso da ke shanye tawadar wanki. Mai tanki yana bugu da yawa, don haka nasa yana saurin cika. Canon takan nuna lambar kuskure 5B00, Epson takan ce soson ya kai ƙarshen aikinsa, firinta ta tsaya cak. Akwai manhajojin da ke maida ƙirgen zuwa sifili, amma su ƙirge kawai suke gogewa, soson yana nan a jiƙe. Wanda ya goge ƙirge ya ci gaba a haka, tawada za ta tsiyayo masa a tebur ko ta shiga allon lantarki. Idan firintarka irin mai akwatin datti ce da ake zarowa, sayi sabo ka sa, aikin minti biyu ne. Idan soson a can ciki yake, a canza shi ko a wanke shi ya bushe sarai, ko mai gyara ya fito da tiyon dattin zuwa wata kwalba a bayan firinta, sannan a goge ƙirgen. Kwalbar ita ma a kan tebur ɗaya da firinta za ta zauna, da ɗan rami a murfinta don iska ta fita, ka riƙa zubar da ita kafin ta kai rabi.